Ranar da Kaka Ta Sa wa 'Yan Kallo Albarka

Wata Asabar ce cikin watan Agusta na shekarar 2005, irin ranar da zafin Maryland ke sa mutum ya ji kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo. Shekarata goma, ina tsaye kusa da kakata cikin wata farar rumfa a filin baje kolin manoma na gundumarmu, an ɗaura mini zani da ɗankwalin da ke ta zamewa. Kaka tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, mazarinta na juyawa a kan wani ɗan guntun fata, zare na fitowa siriri daga audugar da ke hannunta na hagu. An ja igiya tsakaninta da jama'a, bayan igiyar kuwa mutane ne a jere har wajen rumfa: Turawa da rana ta gasa suka yi jawur, baƙaƙen fata 'yan ƙasa, mata masu tura jarirai a keke, yara masu lasar askirim. Duk wanda ya iso gabanta sai ta tsayar da mazari, ta dube shi da kyau, ta tambaye shi gida da iyali da gajiya, sannan ta sa masa albarka. Ni ce mai juya maganarta zuwa Turanci, har bakina ya bushe. Tun da ta zo Amurka ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na wannan safiya ba. Can ta juyo ta ce da ni, "Kulu, ashe mutanen ƙasar ga sun san girma. Ɓoyewa su kai."

Kaka mahaifiyar babana ce, Bagobira daga wani ƙauye kusa da Sabon Birni. A fuskarta akwai zanen Gobirawa, layuka da suka tashi daga gefen baki suka baje har kusa da kunne, a kowane kunci, waɗanda wanzami ya yi mata tun tana jaririya. Ita ce ungozomar ƙauyensu, rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Saboda haka kowace safiya kafin a tafi gona ƙofarta ba ta rabuwa da jama'a: magidanta su durƙusa daga waje, mata su shigo da koko, yara su jeru su gaishe ta ɗaya bayan ɗaya ta ba su abin da ya samu. Da haka ta saba fiye da shekara talatin. Sai yanar ido ta kama ta, Baba ya ɗauko ta a yi mata aiki a nan, aka yi aka dace, sannan Mama ta haifi ƙanena, zaman wata uku ya zama na shekara da ɗoriya.

Gidanmu a Laurel yake, hawa na uku a wani dogon benen haya mai jan bulo. Baba injiniya ne, tun da duhu yake fita ya kama jirgin ƙasa zuwa Washington. Mama kuwa nas ce a wani asibiti ta wajen Baltimore, in ta dawo barci ne kawai a idonta. Ni da Kaka ɗakinmu ɗaya, kuma ni ce 'yar aikenta, ni ce tafintarta, ni ce abokiyar faɗanta. In na dawo makaranta na kai shara babban bola da ke bayan wurin ajiye motoci, na sauka da kwandon wanki ɗakin ƙasa inda injuna suke, na dawo na share kafet da tsintsiyar kaba da ta matsa sai da aka sayo mata a wani kantin 'yan Afirka a Wheaton, don ta ce injin shara ihu ya iya, ba shara ba. Sai na gama duk wannan nake samun sauka wurin yara, mu zana 'yar gala-gala da alli a kan kwalta, mu yi tsallen igiya, mu bi kurege da gudu har ya haye bishiya. Duk inda na ɗaga kai zan hango ta a baranda tana kaɗi, tana leƙen masu wucewa. Mazarin daga gida ta zo da shi, audugar kuwa da farko ta cikin kwalaben magani take tsinta, har Baba ya ji kunya ya nemo mata buhu guda.

Abin da ya fi ci mata rai a ƙasar nan shiru ne. Kowace safiya bayan ta yi sallah sai ta zare sakatar ƙofar falo ta bar ta a ɗan buɗe, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye goro a faranti, ta zauna jiran masu gaisuwa. Mama ta yi magana har ta gaji, ta ce Inna nan ba a barin ƙofa a buɗe, Kaka ta yi kamar ba da ita ake ba. Maƙwabta su fito da makullin mota a hannu da kofin shayi, su wuce ta gaban ƙofar ko waige babu. Wata rana ta kira ni ta ce, "Kulu, wanga gari mutane sun mutu ne ba a gaya mani ba?" Hausawanmu na Wheaton da Fort Washington sun zo sau ɗaya lokacin da ta sauka, daga nan aiki ya haɗiye su, sai dai su bugo waya ranar Lahadi. Gaisuwar waya kuwa ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, "gaisuwar da ba ta da gwiwa" take ce mata. Mutum ɗaya ce ke hawowa takanas, wata Bayarabiya da ta girma a Gusau, mai aiki tare da Mama. Tun daga matakala take fara tsokana, wai ina Bagobirar da ta yi dambe da kyanwa aka yakushe mata fuska, Kaka ta rama ta ce ga baiwarta ta iso a ba ta tsintsiya, su yi ta yi har su yi hawaye don dariya. Ita ma ba ta daɗe ba ta samu aiki a wata jiha mai nisa ta tashi.

A makaranta kuwa zanen nan ya sha jawo mini faɗa. Kaka kan rako ni bakin titi inda motar makaranta ke tsayawa, yara su manna fuskokinsu a gilashi suna kallonta. Wani yaro mai jan gashi ya tambaye ni ko zaki ne ya kama kakata, na ce masa a'a, amma in yana son ya san yadda kamun zaki yake ya same ni bayan an tashi. Ya same ni kuwa, aka kira Baba ofishin shugabar makaranta. Da na ba Kaka labari dariya ta yi ta ce yaron bai yi laifi ba, wanda bai san Gobir ba dole ya tambaya. A wurinta zanen nan shi ne sunan ubanta da kakanta a rubuce, ko a kasuwar da ba ta san kowa ba ta faɗi, akwai wanda zai duba fuskarta ya san inda za a kai ta.

A wannan bakin titin ne maman wata 'yar ajinmu ta ga Kaka da mazari. Mace ce mai fara'a, kuma har yau ban yarda tana da mugun nufi ba. Tana cikin masu shirya wata rumfa ta sana'o'in hannu na ƙasashe daban-daban a baje kolin bana, ta roƙi Baba ya bari Kaka ta zo ta nuna kaɗi. Baba ya ji daɗi ƙwarai, yana ganin uwarsa za ta sha iska ta ga mutane. To amma Baba ɗan fari ne, kuma Kaka ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka yi ta a da: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba sa zama su yi hira. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi, ko da suna ɗaki ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa ya ce, "Kulu, ki gaya wa Inna akwai taro ranar Asabar, mutane suna so su zo su gan ta, su ga yadda take kaɗi." Ita kuma tana kallon bango ta ce, "Ki ce ma wancan na ji." Iyakar shawarar da aka yi ke nan. Baba ya san mene ne baje koli, amma ya ɗauka mazari za a kalla. Kaka kuwa tun da take ba ta taɓa ganin an yi layi gaban tsohuwa don wani abu ba sai gaisuwa. Da al'ada ta bar su sun zauna sun yi magana ta minti biyar, da wataƙila ɗayansu ya gane inda ɗayan ya dosa.

Shirin da ta yi kamar na mai aurar da 'ya. Ta sa lalle, ta rambaɗa kwalli, ta ciro baƙin zaninta na saƙi da ke ƙasan akwati yana ƙamshin turaren wuta. Ta sa aka je Wheaton aka sayo goro da alewa, domin a cewarta mai gaisuwa ba ya komawa hannu rabbana. Da muka isa filin da sassafe sai da Baba ya zaga da mu wurin dabbobi, yana gaba muna biye. Ta ga tumaki da aka yi wa aski tas, ta ga kabewa da ta fi turmi girma, ta kawar da kai daga garken aladu tana tofar da yawu. Gaban shanu ta fi daɗewa, manya-manya masu ƙiba amma ba tozo ba ƙaho, ta girgiza kai ta ce, "Wagga saniya kamar an fara ta ba a gama ba." Can gefe guda kuwa 'yan wasa masu yawo gari-gari sun kafa kayansu, liluka masu juyi da fitilu da kiɗa, da ƙananan rumfuna masu zane-zane a jiki. Ba mu bi ta nan ba da safe.

A rumfarmu akwai wani dattijo mai saƙar kwando da wata mata mai ginin tukwane, amma su jefi-jefi ake tsayawa wurinsu. Layin duk na Kaka ne. Baba ya ga haka ya yi murmushi, ya tafi yawo da ƙanena a kafaɗa ya bar mu. Ban daɗe ba na lura ba wanda ke duban mazari. Idanu duk a kuncinta suke, tambayoyin ma duk iri ɗaya: ya yi zafi? hukunci aka yi mata? ni ma za a yi mini in na girma? In Kaka ta ce mi sunka ce, sai in ce zanenki suke tambaya, ita kuwa ta gyara zama ta fara jero musu asalinta tun daga kakan kakanta. Suna ta ɗaukar hoto, tana ta miƙa goro da alewa ta saman igiya. Wata mata ta zuro hannu ta shafa mata kunci da yatsa, sannan ta duba yatsan. Kaka ta yi dariya ta ce Allah ya shirya, ta ɗauka irin wautar baƙo ce. Ni dai wani abu yana yi mini ƙaiƙayi a rai, amma ban san sunansa ba, kuma murnarta ta fi ƙarfin ƙaiƙayin.

Da rana ta take tsaka ta ce in raka ta ta yi alwala. Ta sa na ba mutanen layi haƙuri, na ce yanzu za ta dawo. Muka ɗauki gorar ruwa muka fita neman inuwa, hanya ta bi da mu ta tsakiyar 'yan wasan nan. Nan muka tarar da wani layi gaban wata rumfa mai jan labule, wani mutum yana tsaye kan akwati yana ta kururuwa da lasifika. Kaka ta tsaya cak. Ta gane wani ƙato mai jar hula da yarinya a wuyansa, wanda ɗazu ta daɗe tana yi wa addu'a, ta gane matar da ta shafa mata kunci, alewarta ma tana hannun yaransu. Ta ce, "Ikon Allah, mutanen ga ba su gajiya da zumunci. Wane babba ne a ciki?" Na ɗaga kai na duba ƙyallen da aka rataya, an zana wata mace tsaye a tafin hannun wani mutum. Na ce mata ba babba ba ne, wata mata ce wada, wai babu mai ƙanƙantarta, ana shiga a kalle ta. Kaka ta ce, "A kalle ta ta yi mi?" Na ce ba ta yin komai, zama kawai take yi. Ta daɗe tana duban layin, yadda suke miƙa wuya, yadda suke gyara kyamara tun kafin su kai ƙofa. Sannan ta ja hannuna muka zaga baya.

A bayan rumfunan akwai manyan motocin da suke kwana a ciki, da igiyoyin shanya, da wayoyin lantarki a kan ciyawa. Kaka ta tsuguna ta fara alwala ke nan sai muka ji an yi gyaran murya. Wata mata ce zaune kan matakalar mota, baƙa, da furfura a goshi, tsawonta bai kai ƙuguna ba. Ta tsoma ƙafafunta cikin roba mai ruwa, tana cin shinkafa da cokali, wata 'yar fanka tana hura mata iska. Ta dubi Kaka ta yi dariya ta yi magana da wani irin Turanci mai lanƙwasa. Kaka ta ce, "Mi tac ce?" Na fassara, domin aikina ke nan, kuma ba a taɓa koya mini rage magana ba. Cewa matar ta yi, ashe ke ce mai fuskar nan da ake ta labari, yau kin kwashe mini rabin mutanena. Ta tambaya wace tawaga muke bi, kuma wane gari za mu daga nan. Sannan ta sassauta murya ta ce, da alama wannan ne karonki na farko. Bari in ba ki shawara, kada ki riƙa duban idonsu. Ki kalli saman kawunansu, rana ta fi saurin wucewa.

Na zaci Kaka za ta yi faɗa, domin ba ta da haƙurin raini. Sai na ga ta ƙarasa alwalarta a natse, ta matso ta zauna kan ciyawa yadda kansu zai zo daidai, ta gaida matar cikakkiyar gaisuwa, ta tambaye ta gajiya da zafi da mutanen gida. Matar ta ce daga wani tsibiri take, tana da 'ya mace da ke karatun aikin jinya, kuma shekarunta da yawa tana wannan yawo, in sanyi ya shigo su gangara kudu, in ya wuce su hauro. Kaka ta kwance bakin zaninta ta ɓare goro ta miƙa mata rabi. Matar ta gatsa, ta yamutse fuska, suka yi dariya su biyu. Sai mai lasifika ya leƙo ya buga jikin motar da hannu. Matar ta goge ƙafafunta, ta sa wasu takalma masu ƙyalli irin na 'yar tsana, ta ɗaga mana hannu ta shige ta ƙofar baya. Kaka ta fuskanci gabas ta yi sallah a nan kan ciyawa, ta daɗe a sujadar ƙarshe har na fara jin tsoro.

Na ce mata mu nemi Baba mu tafi gida. Ta ce a'a, an ce da mutane za ta dawo, kuma ba a taɓa jin ta saɓa magana ba. Muka koma. Ta zauna inda ta tashi, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Layi ya sake haɗuwa. Amma daga nan har la'asar ba ta ƙara tsayar da kaɗi don kowa ba, ba ta tambayi kowa gida ba, ba ta sa wa kowa albarka ba. Ta kafa idonta a wani wuri can saman rumfa, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Mutane ba su ma lura an canza komai ba, suka ci gaba da ɗaukar hotonsu suna wucewa, wasu ma sun fi jin daɗin haka don ba a tsayar da su da dogon zance. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, kuma a nan na fara kuka, ina tsaye ina share hawaye da bakin ɗankwali. A mota muna komawa Baba ya ce in tambayi Inna yaya taro. Ta ce, "Ki ce ma wancan na gode, na ga gari."

Ni na gaya wa Baba abin da ya faru, washegari, muna sauke kaya daga mota. Ya ajiye ledar da ke hannunsa ya zauna kan dakalin wurin ajiye motoci, ya rufe fuska da tafukansa. Ban taɓa ganin babana haka ba. Ya so ya ba ta haƙuri, amma ta yaya? Ya zo bakin ƙofar ɗakinmu ya tsaya ya fi sau nawa, ya koma. Kaka kuwa daga ranar ba ta ƙara zare sakatar falo ba. Ta daina zaman baranda, ta daina rako ni bakin titi, in dole ta kama za a je asibiti sai ta ja mayafi ta rufe kunci har hanci. Mazarin ya koma ƙasan akwati, buhun auduga ya zauna a lungu har Mama ta yi matashin kai da shi.

Baba ya yi abin da yake ganin zai iya. Duk cikin azumin shekarar yana kan waya, yana bin mutanenmu ɗaya-ɗaya yana roƙo. Ranar ƙaramar Sallah, cikin sanyin farkon Nuwamba, sai ga motoci sun cika wurin ajiye motocinmu. Likitoci da malaman jami'a da direbobin tasi, 'yan Nijar da 'yan Gana, da matansu da 'ya'yansu cikin shadda da leshi, suka hau bene suka cika falo har matakala, takalma sun yi tsibi a ƙofa. Manyan mutane masu furfura suka zube kan kafet suna jiran Inna ta fito. Abin da ta shekara tana shimfiɗa tabarma dominsa ke nan ya zo har gida, da gwiwoyinsa. Aka aike ni in kira ta. Na same ta zaune a bakin gado cikin kayan Sallarta, ta leƙa ta tsagar ƙofa ta ga jama'a a jere. Na ce Kaka namu ne fa, Hausawa ne, gaishe ki suka zo. Ta ce, "Waɗancan ma haka niz zata." Sannan ta riƙo hannuna ta ce, "Kulu, ke da kin san ƙasar ga, ƙaƙa a kan gane mai gaisuwa da mai kallo?" Daga bayan ƙofa ta amsa gaisuwarsu, murya ƙasa-ƙasa, ni ina tsaye a tsakani ina maimaita wa falo. Mutane suka ce ai tsufa ne da kunya irin ta mutanen da, suka ci tuwo suka watse. Baba ya raka na ƙarshe ƙasa, ya daɗe bai hawo ba.

Da sanyi ya wuce ta ce a mai da ita gida, aka mai da ita. Ta yi shekara uku a ƙauyensu ta rasu, ban ƙara ganinta ba. Gwaggona ta ce mutanen gari sun ci gaba da zuwa kowace safiya kuma tana amsa musu, amma in baƙo ne wanda ba ta san ubansa ba, sai ta ja mayafi.

Ina ajin ƙarshe na sakandare malamin tarihi ya haska mana wasu tsofaffin hotuna a bango, na masu wasan yawo na ƙarnonin baya. Ya ce a da haka ake ɗaukar mutane a keken doki da jirgin ƙasa, tare da giwaye da birai, ana bin gari-gari da su: dogaye da wadanni, zabiya, mata masu gemu, tagwayen da aka haifa a manne, da mutanen da aka kwaso daga Afirka aka kafa musu bukkokin ƙarya su zauna gabansu suna daka ko rawa. Waɗansu sanyi ya kashe su a hanya, ba wanda ya san inda aka binne su. 'Yan ajinmu suka yi ta tsaki suna cewa mutanen da ba su da tausayi, Allah ya sa an wuce wannan zamani. Ni kuwa idona yana kan wata tsohuwa a ɗaya daga hotunan, zaune gaban bukka da tukunya a gabanta, ta ɗaga ido tana kallon wani abu can sama da kan mai ɗaukar hoton. Na yi ta tunanin me aka gaya mata kafin ta hau jirgi, da kuma ko ita ma a ranar farko ta yi ta gaida masu wucewa tana tambayarsu iyali. Na nemi izini na fita, na tsaya a ban-ɗaki har aka kaɗa ƙararrawa.

Yanzu Hausawa sun yi yawa a yankin nan fiye da lokacin ƙuruciyata, akwai walima kusan kowane mako, kuma zane ya kusa ƙarewa, cikin jikokin Kaka babu mai shi ko ɗaya. Amma har yanzu ana kawo tsofaffi daga gida su yi reno, har yanzu suna zaune a benaye bayan gilashi suna kallon motoci. In na samu Asabar da ba ni da aiki nakan ɗauki goro in hau wurin ɗaya daga cikinsu, in durƙusa, in kafa idona a kan kafet har ta gama sa mini albarka. Suna yabon tarbiyyata, ba su san tambayar wata nake ta ƙoƙarin amsawa ba. Na girma, na yi karatu, na san ƙasar nan ciki da bai, amma da Kaka za ta sake riƙo hannuna a bakin gadon nan, har yau ba ni da abin da zan ce mata ta buɗe ƙofar.